Mai Kwalba da Rijiyar Yayarsa

Ma'aikatan hukumar ruwa suna da yawa, amma a unguwannin da ke bayan masana'antu mutum ɗaya aka sani da fuska, shi ne Mai Kwalba. Ba shi ke yanke wa mutane famfo ba, shi ya sa ba a ɓuya idan an ji ƙarar babur ɗinsa. Aikinsa shi ne ya yi sallama ya shiga gida, ya buɗe famfo ko ya zura guga a rijiya, ya cika 'yan kwalabe, ya manna wa kowace takarda, ya jera su cikin akwatin ƙanƙara da ke ɗaure a bayan babur, ya kai su ɗakin gwaji tun rana ba ta take ba. Yana fita, sai matan gida su bi shi da tsiya, wai hukuma ta rasa ruwan sha ne ta aiko shi bara. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce ai na gidansu ya fi zaƙi.

Da lebura ya fara. Yana saurayi aka ɗauke shi haƙar ramin bututu, ya yi shekaru yana fama da diga har tafin hannunsa ya koma kamar fatar ganga. Da bayansa ya soma ciwo, wani shugaba mai tausayi ya lura cewa mutumin yana da tsabta kuma rubutunsa na karantuwa, sai ya mayar da shi sashen gwaji. A nan ya yi aure, ya auri wata malamar firamare mai yawan magana da saurin yafiya, wadda har yau Malama yake kiran ta. A nan kuma furfura ta same shi.

Akwai gida ɗaya da ba ya cikin zagayensa, amma kusan kullum babur ɗin sai ya karkata can. Gidan yayarsa ne. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, Yaya ce ta goye shi, ita ta koya masa ɗaura igiyar wando, ita ta je makaranta ta tsaya a gaban malamin da ya fasa masa baki. Duk gari na ce masa Mai Kwalba, ita kaɗai ke ce masa Auta, ko da a gaban surukansa ne. Mijinta tela ne, mutum mai shiru. Shekarar da suka tare a gidan, shi da abokansa biyu suka haƙa rijiya a tsakar gida, ya ɗaure bakinta da siminti, ya zana furanni da ƙusa kafin simintin ya bushe. Bayan ya rasu, Yaya ta sayar da keken ɗinkinsa, ta rabar da kayan sawarsa, amma bakin rijiyar nan kullum sai ta wanke shi da soso. Ruwan garai yake, ga sanyi. In famfo ya ɗauke, rabin layin a nan suke ɗiba, ba ta taɓa hana kowa ba.

Canjin ya zo ne da wata sabuwar ma'aikaciya a ɗakin gwaji, matashiya siririya mai tabarau, wadda ta yi karatun sinadarai mai zurfi. Dakta suke ce mata, ko da yake kullum tana jaddada cewa ba ta duba marar lafiya. Wata safiya ta kira shi, ta tura masa kujera.

"Baba, akwai wani gwaji da nake so mu yi, ba irin wanda ka saba ba. Ba ƙwayoyin cuta nake nema ba. Wasu sinadarai ne da ake haɗawa a masana'anta, irin waɗanda ake shafa wa tamfol da rigar ruwa don kada su jiƙe. In sun shiga ƙasa ba sa ruɓewa, in sun shiga jikin mutum sukan daɗe ba su fita ba."

"To, Dakta, yaya kamanninsu a ruwa? Wari suke yi ko launi?"

"Ko ɗaya. Shi ne matsalar."

Ta ba shi wasu kwalaben roba na musamman da safar hannu, ta kafa masa sharuɗɗa. Ranar ɗiba kada ya sa rigar ruwansa ko da sama za ta tsage, kada ya shafa mai a jiki, kada ya taɓa takardar da aka naɗe abinci. Abin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai, ɗan abin da ke jikinsa zai iya ɓata sakamakon. Malama ta sha dariya ranar farko da ta ga ya fito fata fururu.

"Baban yara, haka za ka fita? Mutane za su ce ba na kula da kai."

"Aikin hukuma ne, Malama."

"To Allah ya ba hukuma haƙuri, ta mayar mini da miji ƙadangare."

Lokacin damina ne, ya sha duka wajen ruwan sama ba sau ɗaya ba. Ya bi rafin da ke bayan masana'antar tamfol, ya ɗiba sama da ita, ya ɗiba ƙasa da ita, ya shiga gidajen da ke gangare. Da ya zo layin su Yaya, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jinjina abin. Gidan ba ya cikin waɗanda aka zaɓa. Ya buga wa Dakta waya ya nemi izini, ta ce ya ƙara da shi. Yaya tana zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa, ta dube shi da safar hannu kamar mai shirin fiɗa.

"Auta, yau kuma rijiyata ce ta yi laifi?"

"Gaisuwa kawai za ta je ta yi a ofis, Yaya, ta dawo."

An aika kwalaben wani babban ɗakin gwaji mai nisa, aka daɗe ana jira. Ranar da sakamakon ya iso, Dakta ba ta tura masa kujera ba, ita ce ta taso ta same shi a inda yake wanke akwatinsa. Ta ce sinadaran suna cikin rafin, suna cikin ruwan famfo kaɗan, amma rijiyoyin gangare sun fi ko'ina. Ya tambaye ta ta Yaya. Ta cire tabarau ta goge, ta ce tana cikin mafi muni.

Ruwa na ta zuba daga famfo a kan hannunsa. Can ya ce, "To sai a rufe masana'antar ke nan."

"Da wace doka, Baba? Littafin ƙa'idojin ruwan sha da muke aiki da shi bai san sunan waɗannan sinadarai ba. Ya faɗi iyakar dalma, ya faɗi ta ƙwayoyin cuta, amma waɗannan babu ko layi ɗaya. A idon doka, ruwan Yayarka lafiyayye ne."

Wannan magana ta tsaya masa a ƙirji. Shekara da shekaru yana ɗaukar kwalabe da yaƙinin cewa in ruwa ya ɓaci, akwai wanda zai buga tebur a gyara. Bai taɓa tunanin guba za ta iya zama a ruwa da izinin shirun doka ba.

Hukuma ta yarda a ba mutane shawara su daina shan ruwan rijiya, ta kuma sa tankar ruwa ta riƙa zuwa bakin titi. Mai Kwalba ya roƙa a bar shi ya gaya wa Yaya da kansa. Ya same ta da hantsi tana shanya. Ya zauna a kan turmi, ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi jikoki, har ta gaji.

"Auta, tun kana ƙarami in ka fasa abu haka kake yi. Faɗi."

Ya faɗa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta je ta ja guga, ta zuba a kofin silba, ta ɗaga shi saitin rana.

"Dubi nan. Ka ga wani abu?"

"Ba a gani, Yaya."

"To in tafasa."

"Tafasawa ba ta kashe shi. Ba abu mai rai ba ne."

"Abin da ba a gani, ba a ji, wuta ba ta cin sa. Auta, aljani kake gaya mini ko ruwa?" Ta ajiye kofin a bakin rijiyar, muryarta ta sauka. "Marigayi da hannunsa ya haƙa ta. Da ruwan nan na yi wa 'ya'yana wankan farko. Yanzu ka ce mini duk shekarun nan guba nake miƙa wa 'ya'yan maƙwabta?"

"Ba ke kika zuba ba. Shi ma da ya haƙa, ruwa mai kyau ya tarar. Daga baya abin ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa."

Ta juya ta ci gaba da shanya, tana matse zane ɗaya har ya daina ɗiga tana ta matsewa.

Bai sake yi mata gardama ba. Washegari kafin ya wuce aiki, ya ɗauro jarkoki biyu daga tankar, ya sauke a ƙofar kicin ɗinta, ya gaishe ta ya tafi. Da ya dawo ya tarar ba a taɓa su ba. Ya juye wa shukokinta, ya kawo sabo. Haka suka yi ta yi, ba mai cewa uffan a kan ruwa. Bayansa ya tashi, Malama tana gasa masa da tawul tana mita, tana cewa taurin kai a jininsu yake, in ya karye ita za a bari da jinya. Amma ita ce ta samo masa tsohuwar taya ya ɗaure jarkokin don kada su riƙa dukan ƙugunsa.

Abin da ya karya Yaya ba maganarsa ba ce. 'Yar autarta ce ta zo wankan jego da jaririya. Rannan Mai Kwalba ya shigo ya tarar jarka ɗaya ta yi rabi, an rufe bakin rijiya da faifan kwano an ɗora dutse. Yaya ba ta dube shi ba, ta ce, "Gobe ka ƙaro ɗaya. Mai jego na shan ruwa kamar raƙumi."

A waje kuwa abubuwa sun yi tsami. Rabin mazan unguwar a masana'antar suke aiki, jita-jita ta bazu cewa za a rufe ta. Mai ƙanƙara da ke bakin layi, wanda da ruwan rijiya yake sana'arsa, ya daina amsa sallamarsa. Matan da ke tsokanarsa suka koma leƙe ta labule. Wata rana ya fito daga wani gida ya tarar an sace wa babur ɗinsa iska, ya tura shi har wajen mai faci, akwatin na ɗigar ruwa a baya. Bai kai ƙara ba. Ya ce wa Malama tsoro ne ke damun su, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne, mutum yana da 'ya'ya.

Dakta da wasu irinta a wasu garuruwa suka yi ta rubuce-rubuce da zirga-zirga, har aka kafa kwamitin da zai duba ko a sa wa sinadaran iyaka a ruwan sha. Kwamitin ya zo garin ya yi zaman sauraron jama'a a babban zauren taro. Aka ce Mai Kwalba zai ba da shaida kan yadda aka ɗebi ruwan, domin lauyoyin masana'anta suna cewa wataƙila a hannun mai ɗiba aka gurɓata shi. Malama ta goge masa kaya har sau biyu. Yana shiga zauren ya hango Yaya a layi na uku, ta yi ɗaurin da take yi in za ta unguwa mai muhimmanci. Bai gaya mata ranar ba, Malama ce ta kai tsegumi.

An yi ta magana mai nauyi. Masana suka yi bayanin abin da bincike ya nuna game da ƙoda da hanta da masu juna biyu, suka kuma faɗi inda ba su da tabbas. Wakilin masana'anta ya ce ba su karya doka ko ɗaya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Shugaban ma'aikata ya miƙe ya ce su ma ruwan suke sha, amma a tuna da tukunyarsu. Sai aka kira Mai Kwalba. Ya riƙe abin magana kusa da baki har ya yi ƙara, mutane suka yi dariya. Lauyan masana'anta, wani dattijo mai ladabi, ya tambaye shi ko ya sa rigar ruwa ranar da ya ɗiba, tunda damina ce.

"Ban sa ba, ranka ya daɗe. An hana ni."

"Ruwa na zuba, ka tsaya haka?"

"Haka na tsaya. Matata tana nan, ita ta yi jinyar murar."

Aka sake dariya, har lauyan. Ya yi masa wasu tambayoyi kan safar hannu da ƙanƙara, ya amsa abin da ya sani, inda ya manta ya ce ya manta. Sannan lauyan ya ce an gaya masa ɗaya daga cikin rijiyoyin ta 'yar'uwarsa ce, ko hakan bai sa yana da ra'ayi a maganar ba?

Mai Kwalba ya dubi layi na uku. Ya ce, "Ina da shi. Na so ƙwarai a ce rijiyar nan lafiya take." Ya sa bayan hannu ya goge ido. Shugabar kwamiti ta ce ya isa, ya je ya zauna. Da ya zo wucewa, Yaya ta kama gefen rigarsa ta jawo shi kujerar da ke kusa da ita, ta miƙa masa hankicinta ba tare da ta kalle shi ba.

Doka ba ta fito da wuri ba. Jaririyar da uwarta ta zo wankan jego ta yi tafiya, ta yi baki, kafin a buga sabuwar ƙa'ida. Da ta fito, iyakar da aka sa ba ta kai tsananin da Dakta ta so ba, kuma an ba hukumomin ruwa da masana'antu wa'adi mai tsawo su shirya. Dakta ta yi kwana biyu ba ta walwala. Mai Kwalba ya ce mata shi dai abin da ya gani shi ne, jiya in ya kawo kwalba ba ta da inda za ta kai ƙara, yau tana da shi. Ba a rufe masana'antar ba. An tilasta mata ta tace ruwan da take zubarwa, ta kuma sa hannu a aikin manyan tankunan gawayi na musamman da aka kafa a matatar ruwa. Wasu ma'aikata sun rasa aiki a lokacin gyaran, wasu an mayar da su. Aka ja bututu zuwa gidajen gangare. Mai ƙanƙara ya sa famfo a shagonsa, wata rana kuma, ba tare da wani bayani ba, ya ɗaga wa Mai Kwalba hannu.

Ƙa'idar ta ce a toshe rijiyoyin da abin ya shafa. Da ma'aikata suka zo layin, Yaya ta ce ba baƙon da zai taɓa tata, Auta ne zai yi. Ya cire rigarsa ta aiki, ya karɓi shebur, bayan nan nasa mai ciwo ya sunkuya. Ita kuwa ta ɗauki kujera ta zauna a ƙofar ɗaki ta ba rijiyar baya, tana jin ƙarar tsakuwa na faɗawa cikin ruwa, tun ƙarar na da zurfi har ta koma kusa. Da aka zo zuba siminti, ya roƙi magina su bar bakin yadda yake. Suka cike cikin kawai, suka shafe.

A shekarar da ya yi ritaya ne ƙafafun Yaya suka soma kumbura. Asibiti suka ce ƙoda ce. Ya tambayi likitan a keɓe ko ruwan ne. Likitan ya ce ba zai iya rantsuwa ba, tana da hawan jini, ga shekaru, mai yiwuwa ruwan ya taimaka, mai yiwuwa ko babu shi hakan za ta faru. Mai Kwalba ya so a ba shi amsa ɗaya ya riƙe, ko ta ɗaci ce, bai samu ba. Yaya kuwa ba ta taɓa tambaya ba.

Yanzu aikinsa shi ne kai ta wankin ƙoda. Ya sayar da babur, domin ba ta iya hawa, suna shiga motar haya, shi a bakin ƙofa yana tare ta da kafaɗa in an taka burki. An ƙayyade mata ruwan da za ta sha a yini, ɗan kaɗan, ga shi kuwa na famfon gidanta yanzu Dakta da kanta ta ce ba laifi. Malama ta gano dabarar daskarar da shi ƙanana-ƙanana, Yaya ta riƙa tsotsa in ƙishi ya matsa. A ɗakin wankin, in an jona mata na'ura, yakan zauna a gefen gado yana ba ta labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya yi faɗa da surukarsa, tana gyara masa inda ya yi kuskure, don ko a kwance ta fi shi sanin komai. Ma'aikatan jinya sun ɗauka mijinta ne, ta ce musu Allah ya kiyaye, wannan ai ita ta yi masa tsarki.

Wata rana sun fito daga asibiti tana jingine da shi, jiri na ɗibarta kamar yadda yake yi mata bayan wanki. Ya tsayar da mota, ta ce ba gida za su ba tukuna. Jikarta za ta shiga makaranta, ta yi mata alkawarin takalmi ja mai igiya, kuma ba ta yarda da idon Auta a zaɓen kaya ba. Ya ce ta bari sai ta huta. Ta ce in ta huta shagon zai rufe. Direba ya gaji da jira ya yi gaba abinsa. Mai Kwalba ya gyara mata mayafi a kafaɗa, ya karɓi jakarta ya rataya a wuyansa, suka tsallaka titi sannu a hankali suka nufi layin masu takalma.